Wankan Jegon Albasar Hajiya

Shekara ashirin da tara Suma'ila ya yi yana aikin planto a wani biro na ma'aikatar gona a Damagaram. Aikinsa shi ne ya buɗe ƙofa da safe, ya share, ya kai takarda nan, ya karɓo wata can, in baƙo ya zo ya ce masa direkta ya fita. Amma ranar da ya yi ritaya, sai ga shi ya dawo unguwarsu ta Birni da tsohuwar jakar fata da gilashin da ba na magani ba, ya sanar da jama'a cewa daga yau Injiniya ne sunansa. Hujjarsa kuwa, wai duk takardar noman da ta shigo Damagaram ta hannunsa ta bi, kuma wanda ya ɗauki turare ba ya rasa ƙamshi.

Unguwa ta ji, ta ce madalla, ta ci gaba da kiransa Planto. Abin nan yana ci masa rai ƙwarai, musamman in ya fito daga bakin taubashinsa Tahiru baduku, wanda a rumfarsa ake zaman fada ana shan shayi.

Wata ranar Talata, farkon shigowar ɗari, Hajiya Zakiyya ta tsaya a rumfar karɓar takalmanta. 'Yar kasuwa ce, ta gina wani lambu a hanyar Mirriya inda za a riƙa yin biki ana ɗaukar foto.

"Malam Tahiru, ina zan sami Habu na Gidimuni, mai lambun nan?" in ji ta. "Ɗana Nazir ya aiko mani da albasar fure daga Beljik, kai goma sha biyu. Amarilis wai ake ce mata. Kwana hamsin da biyu ya rage a buɗe lambu, ina so ranar su kasance sun yi fure."

Kafin Tahiru ya buɗe baki Suma'ila ya ajiye kofin shayi ya gyara gilashi.

"Habu? Haba Hajiya! Mutumin da iliminsa ya tsaya a rake da salati? Ga Injiniya zaune a gabanki kina cigiyar manomi?"

"Ka iya, Malam Suma'ila?"

"Na iya? Ni fa ko taɓarya na dasa sai ta yi toho."

Tahiru ya ce, "Gaskiya ne, Hajiya. Bara ya shuka kuɓewa, har yanzu muna jiranta."

Hajiya ta yi dariya, amma tana sauri, ga shi Gidimuni da nisa. Ta ce, "To shi ke nan. Duk wanda ya sa suka yi fure ranar buɗewa, shi zan ba riƙon lambun. Akwai biro a bakin shiga, za a rubuta sunansa a ƙofar."

Suna a ƙofa! Shekara ashirin da tara Suma'ila yana goge sunayen wasu da tsumma a jikin ƙofofi, bai taɓa ganin nasa ko a jikin ƙyauren bayi ba. Nan take ya ji duniya ba ta da sauran wani abin nema sai wannan ƙofa. Ya karɓi kwalin da hannu biyu, ya zaro takardar da ke ciki, ya bi Faransancin da yatsa yana motsa leɓe.

"Wala! Ga sirrin nan. An ce ba ta jure sanyi. Sanyi ne ajalinta."

"Nazir ya ce sanyin can ake nufi, mai daskarar da ruwa ya zama ƙanƙara," in ji Hajiya. "Mu nan ba ruwanmu da shi."

"Hajiya, sanyi sanyi ne, ba ya neman biza. Ki bar wa masu abu abinsu."

Daga rumfar bai zarce gida ba, sai da ya biya wajen mai fenti ya sa aka rubuta masa allo da jan fenti: INJINIYA SUMA'ILA, SHEF. Sannan ya sayi tukwanen ƙasa, ya shiga gida yana ƙwala wa matarsa Ramlatu kira ta zo ta ga arziki.

Ramlatu ta leƙa kwalin ta ce, "Albasa ce, Malam?"

"Albasa! Ji jahilci. Wannan ta hau jirgin sama, ke kin taɓa hawa?"

Ya zazzage su a tabarma ya duba ɗaya bayan ɗaya kamar likita. Goma sha ɗaya manya ne, tubarkalla. Ta goma sha biyun 'yar ƙarama ce, ga tabo a gefe. Ya ce wannan ba za ta ɓata masa suna ba, ya cilla ta bayan madafa. Ramlatu dai ba ta iya ganin kayan mutane a ƙasa, ta tsince ta, ta cusa a fasasshen kaskon da take shuka na'ana'a, ta ci gaba da tankaɗenta.

Sauran ya dasa su a tukwane. Kwana tara komai lafiya lau, don bai yi masu komai ba sai ruwa. Kowane kai ya ɓullo da ɗan koren tsiro. Suma'ila ya riƙa zuwa fada yana auna tsawon tsiron da yatsa, kullum yatsan na ƙara tsawo. Ran na goma da safe ya fito alwala, iska ta ɗan kaɗa, ya yi atishawa sau uku a jere. Ya tsaya cak. In shi da ya sha ɗarin Damagaram shekara sittin ya yi atishawa, ina ga baƙi?

Kafin hantsi kowace tukunya ta sami hula. Da huluna suka ƙare ya shiga safa. Ya kwashe bargon Ramlatu ya lulluɓe su, ya ɗauke kaskon wutar da take jin ɗumi ya ajiye a tsakiyarsu. Sannan ya kafa doka: a fitar da randa daga tsakar gida, don ita ce hedikwatar sanyi. Ramlatu ta mirgina randar zuwa bayan madafa, ta girke ta kusa da kaskon na'ana'a. Shi kuma ya yi rantsuwa ba zai ƙara taka wajen ba, ko ruwa ba zai sha ba sai mai ɗumi, kada ya kwaso sanyi a jikinsa ya shafa wa baƙi.

Bayan kwana biyu a cikin bargo, tsiron ya fara yin rawaya.

"Iska suke so da haske, Malam," in ji Ramlatu.

"A wace lakkol kika karanta? Sanyi ne ya riga ya shige su. Dole a fitar da shi."

To, a duk Birni ba wanda ya san fitar da sanyi daga jiki kamar Iya Talatu ungozoma, wadda rabin unguwa a hannunta suka faɗo. Suma'ila ya same ta tana ɓarar gyaɗa, ya durƙusa ya gaishe ta, ya zayyana mata matsalarsa.

Iya Talatu ta dube shi sama da ƙasa. "Ɗan nan, ni mutane nake yi wa aiki."

"Iya, ai duk ɗaya ne. Mai jego me ke kashe ta? Sanyi. Wannan me ke kashe ta? Sanyi. Ga shi a rubuce da Faransanci."

Tsohuwar ta ga abin dariya ya kawo kansa har gida, ta ce bari ta ga iyakarsa. "To, mai jego dai wankan ruwan zafi ne safe da yamma, da ganyen darbejiya. Ta sha kunun kanwa da yaji. Ta kwanta a gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi. Ba ta fita sai ta yi arba'in."

Suma'ila ya ƙirga da yatsu, ya daka tsalle. "Allahu akbar! Arba'in ɗin ya faɗa daidai ranar buɗe lambu. Kin ga ilimi ya haɗu da ilimi!"

Washegari aka sauke amalanken itace a ƙofar gidansa, aka girka rabin ganga a tsakar gida. Injiniya ya ɗaura zane a ƙugu, ya tsoma ganyen darbejiya a tafasasshen ruwa, ya bi tukwane yana fyaɗa masu, tururi na tashi, shi kansa yana tsalle in ya fantsar masa a ƙafa. Iya Talatu kuwa ba ta iya riƙe labari ba. Kafin azahar matan unguwa suka yi gayya, suka shigo da guɗa, wata da sabulu, wata da ƙullin yaji.

"Barka, Ramlatu, barka da arziki! An ce goma sha ɗaya rigis!"

"Ina angon ƙarni? Kai, sun yi kama da ubansu, dubi kan!"

"Yaushe ne suna? Rago goma sha ɗaya fa, Planto, kada ka ce za ka haɗa su a ɗaya!"

Ramlatu ta shige ɗaki don kunya, ta turo ƙofa. Suma'ila ya karɓi yajin da hannu biyu ya yi godiya, don a ganinsa unguwa ta fara gane darajarsa ke nan.

Sai aka shiga babin kunun kanwa. Ramlatu ta ce ita ba za ta dama wa tukunya kunu ba, ya dama da kansa, ya zambaɗa kanwa, ya bi kowace tukunya da ludayi biyu. Abin da takardun ma'aikatar gona ba su gaya masa ba shi ne, akuya ba ta haɗa kanwa da komai. Ranar Juma'a, yana masallaci, awakin Tahiru guda huɗu suka bi ƙamshi suka ture ƙyaure. Ya dawo ya tarar da su sun kafa kai a tukwane suna lasa, uku sun tarwatse, an tattake kawunan, wani bunsuru na yawo da hularsa ta zuwa biki a ƙaho.

Ya bi su da taɓarya har rumfar Tahiru.

"Awakinka sun kashe mani uku! Sai na kai ka gaban komisan 'yan sanda!"

"Ka kai su dai, su suka ci. Amma su ma barka suka je, Planto. Wa ya taɓa zuwa gidan jego a hana shi kunu?"

"Hassada ce ke cin ka, don ka ga na kusa zama shef."

"Ni kuwa me zan yi wa hassada? Mutum da 'ya'ya takwas a tukunya?"

'Yan fada suka kwashe da dariya har shayi ya sarƙe wani. Suma'ila ya juya yana cewa za su gani, ranar da ya zauna a biro sai sun cika takarda kafin su gan shi.

Ya yanke shawara tsakar gida ba ta da tsaro. Ya kwashe kayan ɗakin ajiya, ya kwaɓa ƙasa ya gina gado mai rami a ƙarƙashi, ya jera takwas ɗin da suka rage a kai. Ya toshe taga da tsumma, ya rataya tabarma biyu a ƙofa, ya cusa itace a ramin ya hura. Itacen ɗanye ne. Ana cikin sallar la'asar sai hayaƙi ya turnuƙe unguwa, wata mata ta ƙwala ihu, "Gobara a gidan Planto!"

Mutanen Birni ba su da wasa wajen taimako. Maza da mata suka ɗebo bokitai da tuluna, Tahiru a gaba. Aka fizge tabarma, aka ga mutum durƙushe cikin hayaƙi, aka sheƙa masa ruwa, aka sheƙa wa gado, aka ƙara.

Suma'ila ya fito jagab, gilashi a karkace, yana tari yana ihu. "Kun kashe ni! Ruwan sanyi! Ruwan sanyi kuka zuba wa masu jego!"

"Ranka muka ceta, ɗan uwa," in ji Tahiru.

"Wa ya ce ku ceci raina? Ruwan na randa ne ko na famfo?"

"Na randa ne, mai sanyi ƙarara. Mun ga abin na gaggawa ne."

Suma'ila ya ɗora hannu a ka. Da jama'a suka watse ya zauna ya yi lissafi irin na injiniyoyi: tunda sanyi ya shiga ninki biyu, wuta ma sai ta zama ninki biyu. Ya sayo gawayi buhu guda. Don kada ko numfashin sanyi ya ƙara taɓa su, ya kife kowace tukunya da wata tukunyar, ya liƙe bakin da laka kamar yadda ake liƙe rumbu. Ya ce ba mai buɗewa sai ranar arba'in.

Ramlatu ta tsaya a ƙofa ta ce, "Malam, ka ji tsoron Allah. Amanar mutane ce fa. Ko dankali aka yi wa haka ai ya nuna."

"Dankali ya hau jirgi?"

Ta juya ta koma madafa.

Haka aka yi ta tafiya, gado na ɗaukar zafi safe da yamma. Hajiya ta kira a waya ta ce ya aiko mata da foto, ya ce furen Turai ba ya son ido, baki zai kama shi. Wani irin wari ya fara fita daga ɗakin, Tahiru ya leƙo ta katanga ya tambaya ko daddawa ake yi. Suma'ila ya ce ƙamshin fure ne tun yana ciki, hancin da ya saba da jima ba zai gane ba.

Ranar buɗe lambu ta zo. An kafa rumfuna, an jera kujeru, manyan gari da 'yan kasuwa sun hallara, masu foto na ta kai da kawowa. Mutanen Birni kuwa ko gayyata ba su jira ba, suka cika motar Mirriya har biyu, Iya Talatu a gidan gaba. Can sai ga amalanke ya shigo da tukwane takwas lulluɓe da farin ƙyalle, Suma'ila na tafe a gaba cikin babbar riga, allonsa a hammata. Kafin ya gaida kowa sai da ya je ya gwada allon a ƙofar biro, ya ja da baya ya duba, ya gyaɗa kai.

Aka jera tukwane a kan tebur. Ya karɓi abin magana ba a ba shi ba.

"Jama'a, abin da za ku gani yau, Turawan da suka aiko da shi ma ba su taɓa ganin irinsa ba. Su a takarda suka tsaya, ni na haɗa da teknik na gida. Masu foto ku matso. Mai raunin zuciya ya zauna."

Ranar wanka dai ba a ɓoye cibiya. Ya ɗauki guduma ya ƙwanƙwasa lakar tukunyar farko, ya ɗaga murfin da fara'a, fuskarsa na kallon jama'a.

Warin ne ya fara isa. Layin gaba suka toshe hanci da hannun riga, wani Alhaji ya miƙe ya koma layi na uku. Suma'ila ya sunkuya ya leƙa. Ba fure, ba ganye, ba ko tsiro, sai wani baƙin abu da ya narke ya kwanta lumtsum a kan ƙasa.

"Wannan... wannan mai kunya ce. Bari mu ga ta biyu."

Ta biyu ta fi ta farko. Ya fasa ta uku da ta huɗu, gumi na zuba, har ya kai ta takwas. Iya Talatu ta dogara sandarta ta matso, ta tsoma yatsa, ta duba.

"Ta nuna," in ji ta. "Shekara hamsin ina wannan aiki, ban taɓa ganin jegon da ya karɓi mai shi haka ba."

Tahiru ya ɗaga murya daga baya, "Saura gishiri da mai, Planto, a kawo tuwo!"

Wuri ya kaure da dariya, masu foto na ta ɗauka. Hajiya Zakiyya ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ranta ya ɓaci sosai, ga baƙi, ga tebur cike da ruɓa.

"Malam Suma'ila, goma sha biyu na ba ka. An ce awaki sun kashe uku, ga takwas ka dafa. Ina ɗayar?"

"Wannan ai ba ta da amfani, Hajiya. 'Yar tsigigiya ce mai tabo, tun ranar farko na jefar."

"Ga ta nan, Hajiya."

Kowa ya waiwaya. Ramlatu ce ta taso daga cikin matan Birni da kwando a ka. Ta sauke shi a hankali ta yaye zanen da ta rufa. Fasasshen kasko ne, na'ana'a ta cika shi, daga tsakiya kuma wani kakkauran kara ya miƙe ya kai kamu guda, a kansa furanni huɗu jajaye wur, kowanne ya fi tafin hannu faɗi. Nan take mata suka ɗauki guɗa.

"Na ce kayan mutane ne, gara in maido wa mai shi," in ji Ramlatu.

Hajiya ta zagaya kaskon sau biyu. "Me kika yi mata, baiwar Allah?"

"Wallahi ban yi mata komai ba. A gindin randa take, ɗan ruwan da ke tsatsowa shi take sha. Da safe rana ta ɗan taɓa ta. In na je tsinkar na'ana'a dai mukan gaisa."

"A gindin randa?" in ji Tahiru. "Hedikwatar sanyi?"

Suma'ila ya yi wuf ya matso, ya gyara gilashi. "To ai ni na jefa ta wurin! Lissafi ne. Da gangan na auna, na ce wannan..."

"Gaskiya ne," in ji Tahiru. "A duk cikin goma sha biyun ita kaɗai ka yi wa alheri, da ka rabu da ita."

Hajiya ta kama hannun Ramlatu ta ɗaga. "Alkawari na yi a gaban mutane. Wanda ya sa ta yi fure shi ke da lambu, shi ke da biro."

Ramlatu ta rufe fuska da mayafi. "Hajiya, ni shuka dai zan iya dubawa. Amma buɗe ƙofa da sassafe, da shara, da kai saƙo gari, ƙafata ba za ta iya ba."

"Wannan ai mai sauƙi ne, sai a nemo wanda ya san aikin." Hajiya ta dubi taro, idonta ya sauka a kan Suma'ila, wanda ke tsaye da guduma a hannu. "Malam, shekara nawa ma ka yi?"

Duk Birni suka amsa mata da baki ɗaya, "Ashirin da tara!"

Allon bai yi asara ba. Mai fenti ya shafe layin sama ya rubuta MADAM RAMLATU, ya bar SHEF yadda yake, kuma Suma'ila ne ya ɗauko shi daga gari ya kafa da hannunsa, tunda kai saƙo aikinsa ne. Yanzu kullum da safe shi ke buɗe biro, ya share, ya goge allon da tsumma har ya yi ƙyalli, ya ja benci ya zauna a bakin ƙofa. In baƙo ya tambaya yakan ce shi mai ba da shawara ne ta fannin teknik. Yana cikin bayanin sai a ji muryar shef daga ciki, a tausashe, da ladabinta na kullum:

"Malam, ɗan jawo mana ƙofar nan, sanyi na shigowa."